Tukunyar Ƙasar Kabi: Asalinta, Adonta, da Hakkinta a kan Ma'aikata

Jawabin da aka karanta wa ma'aikatan masarautun Gwandu da Argungu, ran da suka taru domin tunawa da magabatansu na zamanin En'e.

 

A irin wannan rana an saba ba da labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe, ko kuwa labarin Baitulmali da haraji. Yau kuwa abin da za a yi magana a kansa ƙarami ne ga ido, har wani ya yi mamakin yadda aka kawo shi gaban manya. Ba kome ba ne sai tukunyar ƙasa da 'yan'uwanta, watau tulu, da randa, da kasko, da kwatarniya, da shantali. Dalilin kawo ta shi ne wata magana da ta yawaita a bakin masu ilmin zamani. Su kan ce tukunyar ƙasar nan aikin ƙauye ce, don ba ta da ƙyalli irin na tangaran, kuma wai ba za ta ci gaba ba sai an koya wa magina shafa mata ƙarau kamar yadda a ke yi a Masar da Sin da ƙasashen Turai. Wannan magana kuskure ce. In kuwa ma'aikaci ya riƙe ta, sai ya yi ɓarna yana tsammanin gyara ya ke yi. Don haka ya kamata a bi al'amarin daga tushe.

Ƙasa da ruwa

Duk wanda ya tsaya a kan tudun Birnin Kebbi ya dubi arewa da yamma, zai ga fadama shimfiɗe iyakar ganinsa. Gulbin Rima ya haɗu da gulbin Sakkwato, suka gangaro tare ta Argungu da Birnin Kebbi, suka nufi Kwara. Kowace shekara, in damina ta yi nisa, ruwa ya kan cika ya malale fadama, sa'an nan ya janye ya bar laɓa mai laushi. Wannan laɓa ita ke ciyad da shinkafa, ita ke kiwon kifin da Kabawa su ke kamawa da homa da gora, ita ce kuma ta ke taruwa cikin ƙwaruruka shekara bisa shekara har ta zama yumɓu. Ashe manomi da masunci da maginin tukwane duk gulbi ɗaya ke ciyad da su.

Ba kowace ƙasa ke ginuwa ba. Wata ta cika danƙo, in ta bushe sai ta tsage. Wata ta cika yashi, ba ta riƙe kanta. Magina sun san ramukan da iyayensu suka gwada suka amince da su, kuma sau da yawa rami guda ne gari ya dogara a kansa. A riƙe wannan, don za a komo kansa.

Abin da kufai ke faɗi

Labarin sarautar Kabi sananne ne ga wannan taro, sai dai a taɓa shi a taƙaice. Muhammadu Kanta ya kafa mulkinsa wajen shekarar 1515, bayan ya ɓata da Askiya Muhammadu na Songai, ya gina Surame ya kewaye ta da ganuwar dutse. A farkon ƙarni na 18 Kabawa suka tashi daga Surame, Sarkin Kabi Tomo ya zauna Birnin Kebbi. Cikin 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci birnin, sarautar Kabi ta yi ta gudun hijira har ta kafu a Argungu, inda Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa cikin 1849. Cikin 1906 aka naɗa Sarkin Gwandu Haliru a Birnin Kebbi, garin ya zama mazaunin masarautar Gwandu. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ya ziyarci Argungu, aka yi masa su na girmamawa, tsohuwar gaba ta mutu, bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo asali. Cikin 1991 aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato.

To, a cikin wannan kai da kawowa duka, ina kayan mutanen da suka zauna waɗannan birane? Rigunansu sun ruɓe, ƙoransu gara ta cinye, takubbansu tsatsa ta gama da su. Wanda ya je kufan Surame yau, abin da zai tarar shi ne ganuwa, da tushen gine-gine, da rijiyoyi, da tsingaro barbaje a ƙasa. Yumɓu in ya sha wuta ba ya komawa laka har abada. Tukunya ta kan fashe ran da aka saye ta, amma tsingaronta ya kan yi shekara dubu bai canja ba. Saboda haka masu binciken tarihi su ke ɗaukarsa kamar takarda: daga siffar baki, da irin zane, da abin da aka cuɗa cikin yumɓu, su kan gane ko mutanen wannan kufai danginsu ɗaya da na wancan, da wanda ya riga wani zama.

Sana'ar kuwa ta girmi Kanta nesa ba kusa ba. Kafin a gama madatsar ruwa ta Kainji cikin 1968, masu bincike sun haƙa wani tudu kusa da Yelwa ta ƙasar Yawuri, suka sami tukwane da 'yan siffofi na gasasshen yumɓu waɗanda shekarunsu suka wuce dubu. Can kudu kuma, a ƙasar Nok, masu haƙar kuza sun tono kawuna na yumɓu cikin 1928 da 1943, aka auna aka ga irinsu sun wuce shekara 2,000. Mutanen da suka iya gasa irin waɗannan ba a koya musu wuta.

Yadda a ke gini

A wani gari maza ke ginin tukwane, a wani gari mata, amma ko'ina gādo ne, ɗa ya koya wurin uba, 'ya wurin uwa. Wani Bature mai suna W. E. Nicholson ya rubuta labarin maginan Sakkwato cikin 1929 da 1931, ya same su kashi uku, Adarawa da Zoramawa da Rumbukawa, kowane kashi da hanyarsa. Wannan ya nuna ko a cikin gari guda sana'ar ba iri ɗaya ba ce, tana bin asalin masu yinta.

Da rani a ke haƙar yumɓu, bayan ruwa ya janye. A shanya shi, a farfasa, a tsince tsakuwa da saiwa, a jiƙa. Sa'an nan a cuɗa shi da dakakken tsingaro, wasu su ƙara ƙaiƙayi ko buntun shinkafa ko busasshen kashin jaki, a tattake da ƙafa har ya haɗu. Wanda bai sani ba sai ya ce ƙazanta ce ko rowar yumɓu. Ba haka ba ne. Wannan gauraye shi ke hana tukunya tsagewa wajen bushewa, shi ke ba ta jimirin wuta.

Magina na wannan ƙasa ba su aiki da keken juyi irin na Masar da Turai. Hanya biyu suka fi bi. Ta farko, a kife tsohuwar tukunya, a barbaɗa mata toka ko ƙura, a shimfiɗa yumɓu a bayanta a bubbuga har ya ɗauki siffarta, in ya sha iska a cire. Ta biyu, a sa curin yumɓu cikin wani ɗan rami mai kwarin ƙwarya, a riƙa dukansa daga ciki da dundunge ana juyawa, har ya buɗe ya zama ƙwallo mai siririn jiki. Daga nan a murza yumɓu kamar igiya a ɗora kafaɗa da wuya da baki, a shafe da jiƙaƙƙen tsumma. Gwani ya kan fid da tulu goma, a jera su, ido bai rarrabe babba da ƙarami ba, ba ma'auni ba awo.

In kaya sun bushe, da fari a inuwa daga baya a rana, sai a kai su matoya a bayan gari. A jera su a kife, a rufe da tsingaro da kara da ciyawa da kashin shanu da ɗan itace, a cinna wuta. Cikin sa'o'i kaɗan aiki ya ƙare. Zafin irin wannan wuta ya kan kai digiri 600 zuwa 800, wani lokaci ya ɗara kaɗan. Ran toyi ran fargaba ce ga magini, gama iska guda in ta taso ba daidai ba, ko ɗanyen tulu guda in ya fashe a tsakiya, aikin mako uku ya tafi.

Ado da sheƙi

Masu cewa tukunyar ƙasar nan ba ta da ado ba su dube ta da kyau ba. Tun tana ɗanya a ke fara yi mata kwalliya. A murza tufkakkiyar igiya ko totuwar masara a kafaɗarta, ta bar sawu kamar saƙa. A ja layi da tsinke, a yi zube-zube, da gicciye, da ɗige-ɗige. Wannan zane ba don kyau kaɗai ba ne: jiƙaƙƙen tulu mai santsi ya kan suɓuce daga hannu, mai zane kuwa yana kamuwa. Bayan haka a dama jar ƙasa a shafe jiki, wasu su zana farar ƙasa a kai. A wasu wurare akwai ƙasa mai ƙyalƙyali kamar garin zinariya, in an shafa ta sai kasko ya riƙa walƙiya a rana.

Sheƙi kuwa hanyarsa biyu. Ta farko guga: kafin toyi, sa'ad da tukunya ta yi tauri amma ba ta bushe sarai ba, a goge ta da santsin dutse ko da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare, a yi ta gogawa har fuskarta ta lafe ta ɗauki haske. Ta biyu, da an fid da ita daga wuta tana da zafi, a yayyafa mata makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa, wanda magina ɗaki su ke sa wa daɓe, ko kuwa ruwan bagaruwa irin na majema. Sai ta yi ƙara, ta yi tururi, ta fito da duhu-duhu mai sheƙi, jikinta ya ƙara ƙarfi. In baƙa a ke so, sai a lulluɓe ta da ƙaiƙayi tana da zafi, hayaƙi ya shige ta.

Maƙwabta ma kowa da salonsa. Matan Zabarmawa na Bubon, kusa da Yamai, sun shahara da tuluna masu zanen fari da ja da baƙi. Mirya ta ƙasar Damagaram ta yi suna da tukwanenta. Cikin Jihar Kebbi kanta, matan Dakarkari na ƙasar Zuru sun gāji ginin tukwane masu siffofin mutane da dabbobi waɗanda a ke ɗorawa a kan kaburbura. Kowane hannu ana gane shi, kamar yadda a ke gane rubutun magatakarda.

Shafen ƙarau da asalinsa

To, mene ne wannan ƙyalli na tangaran da a ke gori da shi? Gilashi ne. A niƙa farin yashi, a haɗa shi da abin da zai sa ya narke da wuri, ko toka, ko kanwa, ko dalma, a dama da ruwa a shafe kwano, a sa shi cikin rufaffen tanderu. In zafi ya kai, sai shafen ya narke ya bi jiki, in ya huce ya daskare ya toshe kowace ƙofa, ruwa ba ya ratsawa.

Mutanen Sin su suka kai wannan aiki matuƙa da fararen kwanoninsu. Da waɗannan suka iso Iraƙi cikin ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa, sai maginan Basra suka nemi kwaikwayonsu. Ba su da irin yumɓun Sin, don haka suka sa kuza cikin shafe, ya fito fari fat, suka yi zane da shuɗi a kai. Daga nan hikimar ta bi Masar, ta bi Magrib da Andalus, ta haye Italiya da Holan. Har yau birnin Fas yana alfahari da akusansa masu shuɗin zane. Fatake sun ƙetaro Sahara da kaɗan daga irin waɗannan kaya, gama an tono gutsattsarinsu a kufan Gao, babban birnin Songai ɗin nan da Kanta ya yi wa tawaye. Kayan sarakuna da attajirai ne, don raƙumi ba ya son kaya mai nauyi mai fashewa.

Kada kuwa a ce mutanen wannan yanki ba su san narkar da gilashi ba. Masaga na Bida sun daɗe suna yin ƙarau da duwatsun wuya, kuma a Ile-Ife an tono tukwanen narka gilashi na wajen ƙarni na 11 zuwa na 15. Ashe sanin yana kusa. Abin tambaya shi ne, me ya sa ba a ɗora shi a kan tulu da tukunya ba?

Amsa ta fari tana bakin randa. Randar ƙasa jikinta cike ya ke da ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa ya kan tsattsafo ta cikinsu kamar gumi, iska ta kwashe, ta tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. A ƙasar da zafin bazara ya kan wuce digiri 40, wannan ba ƙaramar rahama ba ce. In aka shafa wa randa ƙarau, an toshe gumin, ruwanta zai zama kamar na jarka. Wani malami na Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya ɗauki wannan hikima ta kaka da kakanni, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai ga tumatir da gauta da alayyafo suna kwanaki ba su lalace ba, babu lantarki. Cikin 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar girma a kan wannan, duniya ta ji.

Amsa ta biyu tana kan murhu. Tukunyar ƙasa, saboda gaurayen nan da sassaucin toyinta, ana ɗora ta a kan duwatsu uku, harshen wuta na dukan gindinta, ba ta kome. Tangaran mai tauri in aka yi masa haka sai ya tsage.

Amsa ta uku itace. Shafen toka marar dalma yana son zafin digiri 1,200 ko fiye, cikin ginannen tanderu, wuta na ci yini guda. Kara da kashin shanu ba su kai nan. Wa zai sayi tulun da aka ƙone kurmi kafin a gasa shi?

Amsa ta huɗu ita ce mai ban tsoro. Shafen da ke narkewa da ƙaramar wuta galibi na dalma ne, kuma dutsen tozali ɗin nan na kasuwa sau da yawa ma'adinin dalma ne. In ba a gasa irin wannan shafe daidai ba, abu mai tsami kamar kunun tsamiya ko nono ya kan jawo dalmar ta shiga abinci. Dalma kuwa dafi ce, ta fi cutar ƙananan yara, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Ba a manta da abin da ya faru a ƙasar Anka da Bukkuyum ta Zamfara cikin 2010 ba, inda yara wajen 400 suka rasu. Can ba daga tukwane ta fito ba, daga niƙan duwatsun zinariya ne a cikin gidaje, amma dafin ɗaya ne.

Darasin Abuja

An taɓa gwada wannan al'amari a hukumance. Cikin 1950 Gwamnati ta ɗauko wani gwanin tangaran na Ingila, Michael Cardew, don ya duba yadda za a kyautata ginin tukwane. Ya zaga ƙasar Arewa, ya ga aikin magina, ya tabbata cewa tukunyar girki da randa ba su bukatar gyaransa, sun dace da aikinsu da aljihun masu sayensu. Abin da ya ga babu shi ne kofuna da farantai da butocin shayi irin waɗanda a ke shigowa da su. Saboda haka, da goyon bayan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, aka kafa makarantar tangaran a tsohuwar Abuja, wadda a ke kira Suleja yanzu, wurin da ke da itace da ruwa da yumɓu iri-iri. An buɗe ƙanana a Kano da Sakkwato, amma ba su daɗe ba.

Cikin 1954 wata mace Bagwariya, Ladi Kwali, ta shiga makarantar. Ta riga ta gwanance a ginin gargajiya tun a ƙauyensu. Ta ci gaba da gina manyan tulunanta da hannu, da zanen kada da kunama da kifi da hawainiya, aka shafa musu ƙarau aka gasa da babbar wuta. Suka yi kyau ƙwarai, aka nuna su a London, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977, ta rasu cikin 1984, daga baya aka sa hotonta a takardar naira 20. Amma a lura: tulun nan nata mai shafe ya yi nauyi, ya yi tsada, ba ya kuma sanyaya ruwa. Ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan kallo. Girman da ta samu kuwa, hannun da ta koya a gida shi ya jawo mata.

Halin da a ke ciki

Ƙyallin da ya shiga ɗakunan matan ƙasar Hausa daga baya ba a kan yumɓu ya zo ba, a kan ƙarfe ya zo. Kwanonin jere da fanteka masu furanni, waɗanda kamfanonin Turawa suka cika kantuna da su, shafen ƙarau ne a jikin ƙarfe. Bayansu tukunyar alminiyam ta hau murhu, jarka da bokitin roba suka karɓe aikin tulu a bakin rijiya, butar roba ta kori shantali, ruwan leda da firiji suka rage wa randa daraja a birni. Ba laifi ba ne mace ta zaɓi abin da ba ya fashewa. Abin da har yanzu ya ke da kasuwa shi ne abin da roba ta kasa: randa, da kaskon turare, da kaskon wuta, da tandar waina, da tukunyar dafa magani, da asusu, da tukwanen shuka. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Amma kasuwa ba ita kaɗai ke kashe sana'a ba. Tun da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha, gari ke cin bayan gari. Noman shinkafa na rani ya bunƙasa, balle bayan shirin rancen manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi cikin 2015, fadama ta yi tsada. Ramin yumɓu ba shi da takarda, matoya ba ta da shinge. Ran da aka yanka su fuloti ko aka haɗe su cikin gona, magina ba su da bakin kai ƙara. Sai su bari, 'ya'yansu su kama wata hanya, abin da aka gāda shekara ɗaruruwa ya yanke cikin rani guda, ba wanda ya yi niyyar kashe shi.

Abin da ya rataya a wuyan ma'aikata

An shafe tsarin En'e cikin 1976, ƙananan hukumomi suka maye gurbinsa, dokar 1978 kuma ta sa filaye a hannun Gwamna da ƙananan hukumomi. Duk da haka, har yau ba a cika sayar da gona a ƙauye ba sai mai unguwa da dagaci sun shaida, kuma maganar hakimi tana da nauyi a gaban hukuma. Magabata na zamanin En'e an san su da riƙon littafi: sun ƙidaya mutane, da shanu, da masu sana'a gari gari. Wanda ya ke son ya girmama su, ga inda zai gwada.

Na ɗaya, kowane hakimi ya sa dagatansa su rubuto masa inda ramukan yumɓu da matoya su ke cikin ƙasarsa, da unguwannin da ke amfani da su. A shigar da su littafi kamar yadda a ke shigar da burtali da maƙabarta da filin idi, a kai wa ƙaramar hukuma. Kada dagaci ya sa hannu a cinikin irin wannan wuri sai an kira magina an ji ta bakinsu.

Na biyu, sarakunan kasuwa su bar wa masu tukwane wuri mai inuwa wanda mota da amalanke ke iya kaiwa, a kuma sassauta musu kuɗin kasuwa, gama kayansu tun a hanya su ke biyan harajin fashewa.

Na uku, a tsare ɗorawa da bagaruwa da kuka daga masu gawayi. Wanda ya sare ɗorawa ya taɓa mai daddawa, ya taɓa mai daɓe, ya taɓa magini.

Na huɗu, kufai amana ne. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana haƙar kayan tarihi ko fita da su ba da izini ba. In baƙi suka zo suna tambayar tsofaffin tukwane ko gumaka na ƙasa, ko manomi ya ci karo da su a gona, a bar su inda su ke, a sanar da hakimi, shi kuma ya sanar da hukuma. Tukunyar da aka tumɓuke daga wurinta kamar takarda ce da aka yage daga littafi.

Na biyar, a je wurin tsofaffin magina tun suna da rai, a rubuta sunan kowane irin tulu da kasko, da sunan kowane zane, da inda kakanninsu suka fito. A sayi ɗaya ɗaya daga aikin kowane gari, a rubuta sunan garin da shekara, a kai Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da sarakunan Kabi suka zauna har 1942, wadda aka mayar gidan tarihi cikin 1958.

Na shida, malaman tsabta suna da gaskiya in sun ce buɗaɗɗiyar randa tana tara ƙazanta da sauro. Maganinta murfi, da moɗa guda mai dogon hannu, da wanki a kai a kai, ko a sa magini ya bar ƙofar famfo a gindinta. Ba a fasa randa don moɗa ta yi dauɗa.

Na bakwai, in yaro ya nuna sha'awar aikin tangaran, a taimake shi ya je inda a ke koyarwa bisa ƙa'ida, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya dawo ya yi kofi da faranti. Amma duk wanda ya zo da wani gari ko dalmar tsohon batir ya ce zai koya wa magina ƙyalli a matoyarsu, a hana shi, a kai maganarsa gaba.

Daga ƙarshe, talaka da ido ya ke koyo. In ya zo gaisuwa ko ƙara, ya tarar da randa a zauren hakimi, an kafa ta cikin jiƙaƙƙen yashi, an rufe da faifai, ya sha ya ji sanyi, ya san ba a raina aikin uwarsa ba. Wannan kuwa ba ya bukatar izinin kowa, ba ya cin Baitulmali kome sai kuɗin randa guda.

Allah ya jiƙan magabata, ya sāka musu da alheri. Allah ya ja zamanin sarakuna, ya ba ma'aikata ikon riƙon amana, ya zaunar da ƙasar Gwandu da ƙasar Kabi lafiya. Haza wasalam.